Labarin Kara Lawson, Mai Horon 'Yan Mata Ƙwallon Kwando a Amurka

Ran 11 ga watan Yuli, 2020, Jami'ar Duke, wadda ke garin Durham cikin Jihar Carolina ta Arewa a ƙasar Amurka, ta ba da sanarwa ta ɗauki wata mace, sunanta Kara Lawson, ta zama shugabar horon ƙungiyarta ta mata masu ƙwallon kwando. Shekarunta 39 a lokacin. Ita ce baƙar fata ta farko da aka danƙa wa wannan aiki a wannan makaranta. Wanda duk ya san wasan nan a Amurka ya san sunanta, gama ta daɗe tana wasa, ta kuma daɗe tana bayaninsa a talabijin. Amma fa akwai abu guda da ya sa masu lura suka dakata, watau ba ta taɓa riƙe ƙungiyar wata kwaleji ba, ko da a matsayin mataimakiya ne. Ga shi kuwa an ɗauko ta an aza bisa kujerar da waɗansu kan yi shekara ashirin suna bauta kafin su hau.

Mun ga ya kamata mu bi sawun matar nan tun daga farko, mu ga abin da manyan makarantar suka hanga. Dalili kuwa, labarinta yana amsa wata tambaya da ta shafi ko wace sana'a: shin wanda ya gwanance ga yin abu, lalle ne ya iya koya wa wani? In kuwa ba lalle ba ne, mene ne ke mai da gwani ya zama malami?

Wasan da asalinsa

Kafin mu shiga labarin, sai mu ɗan bayyana wasan, sabo da waɗanda ba su saba da shi ba. A wata makarantar horon malamai aka ƙago shi, a garin Springfield na Jihar Massachusetts, cikin watan Disamba, 1891. Wani malami ne, James Naismith, aka ce ya nemo wa ɗalibai wasan da za su riƙa yi cikin ɗaki lokacin hunturu, da ya ke sanyin ƙasar ba ya barin mutum ya fita fili. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafe su a bisa, tsawon ƙafa 10 daga ƙasa, ya ce ko wane ɓangare su yi ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwando. Har yanzu tsawon nan bai sake ba, sai dai an musanya kwandon da zoben ƙarfe da raga. Ba a cika shekara ba wata malama, Senda Berenson, ta kai wasan Kwalejin Smith ta 'yan mata a 1892, ta gyara dokokinsa yadda ta ga ya dace da su.

Mutum biyar biyar a ke yi. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, sai dai a riƙa buga shi a ƙasa ana tafiya, ko a miƙa wa ɗan'uwa. In an jefa daga kusa ya shiga, maki biyu ke nan. In daga bayan wani layi mai kama da baka ne, maki uku. A kwalejojin mata ana raba wasa kashi huɗu, ko wane kashi minti 10, kuma ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo tana da daƙiƙa 30 kaɗai ta jefa, in ba haka ba ya koma hannun abokan karawa.

Wasan mata ya daɗe a baya, ba kuɗi, ba 'yan kallo. Abin da ya ɗaga shi wata doka ce da aka kafa a 1972, wadda ta hana ko wace makaranta mai karɓar kuɗin Gwamnatin Tarayya ta fifita maza bisa mata cikin al'amuranta, har da wasanni. Tun daga 1982 kuma babbar hukumar wasannin kwalejoji, NCAA, ta shiga shirya wa mata gasar ƙasa duka a watan Maris, irin wadda in an ka da ƙungiya sau ɗaya ta fita ke nan. A 2022 aka ƙara yawan ƙungiyoyin da ke shiga zuwa 68.

Abin da a ke nema ga shugabar horo

Mai kallo yakan ga koci tsaye a gefen fili tana ɗaga hannu tana kira, sai ya zaci aikin ke nan. Wannan kuwa shi ne mafi ƙanƙanta. Aikinta na fari shi ne neman 'yan wasa. Za ta bi makarantun sakandare na ƙasa duka tana duba 'yan mata, ta shiga gidajensu, ta zauna da iyaye, ta rinjaye su su ba ta amanar 'yarsu shekara huɗu, alhali waɗansu makarantu goma suna bakin ƙofa da irin wannan buƙata. Na biyu, ita ke zaɓen mataimakanta, ta raba musu aiki. Na uku, ita ke tsara horon ko wace rana, ta kuma zauna ta duba hotunan wasannin abokan karawa, har ta gane inda ƙarfinsu ya ke da inda su ke da rauni. Na huɗu, 'yan wasan nan ɗalibai ne, wadda duk ta kāsa a aji ba a barinta ta shiga fili, sabo da haka dole idon shugaba ya kasance bisa karatunsu. Bayan wannan duka, in an ci a yabi yara, in an fāɗi a tambayi shugaba. Babba juji ne.

Almajiranci

An haifi Kara Lawson ran 14 ga watan Fabrairu, 1981, a garin Alexandria na Jihar Virginia, kusa da birnin Washington. Tana yarinya har ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta yi tare da yara maza, wanda ya ke wasa ne na ture da kayarwa. A makarantar sakandare ta West Springfield ta taimaki ƙungiyarsu ta ci gasar jiharsu sau biyu, a 1997 da 1999, kuma a 1999 aka zaɓe ta gwanar 'yan matan sakandare ta ƙasa duka, aka ba ta kyautar da ke ɗauke da sunan Naismith, mai ƙago wasan.

Makarantu da yawa suka neme ta, ita kuwa ta zaɓi Jami'ar Tennessee, domin ta zauna ƙarƙashin Pat Summitt. Ya kamata mu tsaya kaɗan kan wannan mata, gama ba a fahimtar almajiri sai an san malaminsa. An ba Pat Summitt ƙungiyar Tennessee a 1974, tana da shekara 22, zamanin da ba wanda ya kula da wasan mata. Ita ke wanke rigunan 'yan wasa, ita ke tuƙa su a mota zuwa wurin karawa. Ta yi shekara 38 a kan wannan aiki, ta ci wasa 1,098, ta ɗauki kofin ƙasa sau 8. An san ta da tsanani da kaifin ido, ba ta yarda da rabin ƙoƙari ba, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa kan zancen zuwa aji.

Kara ta yi shekara huɗu a hannunta, daga 1999 zuwa 2003. Ba doguwa ba ce bisa ma'aunin wasan nan, ba ta kai ƙafa shida ba, sabo da haka matsayinta shi ne na masu riƙe ƙwallo daga baya, su tsara hari, su yi jifa daga nesa. Mai wannan matsayi ita ce bakin shugaba cikin fili, dole ta san wurin tsayuwar ko wace ɗaya daga cikin biyar ɗin, ba nata kaɗai ba. A nan ta fara koyon duban wasa da idon mai horo. Sau uku ƙungiyarsu ta kai cikin huɗun ƙarshe na ƙasa, sau biyu ta kai wasan ƙarshe, a 2000 da 2003, amma duka biyun Jami'ar Connecticut ta ka da su. Watau ta bar makaranta da digiri kan sha'anin kuɗi, amma ba ta taɓa ɗaga kofin da ta je nema ba. Ta ɗanɗana yadda a ke zuwa bakin rijiya a komo da ƙishirwa, wannan kuwa ilmi ne da mai horo ba ya rasa ranar amfani da shi.

Shekara goma sha uku cikin fili

A 2003 ta shiga gasar ƙwararrun mata, WNBA, wadda aka fara a 1997. Ita ce ta biyar da aka zaɓa cikin sababbin 'yan wasa na shekarar. Ƙungiyar Detroit ce ta zaɓe ta, ba a jima ba ta musanya ta ga ƙungiyar Sacramento. Tare da su ta ci kofin gasar a 2005. A 2008 ta tafi birnin Bejin na ƙasar Sin cikin ƙungiyar Amurka, wurin Wasannin Olamfik. A wasan ƙarshe Amurka ta ka da Ostireliya da maki 92 da 65, Kara kuwa, wadda ba ta cikin biyar ɗin da suka fara wasan, ita ta fi kowa maki a ɓangarensu, ta ci 15. Aka rataya mata lambar zinariya.

Ba daɗi kaɗai ta gani ba. A ƙarshen 2009 masu ƙungiyar Sacramento suka rushe ta, 'yan wasa suka watse. Ta koma Connecticut daga 2010 zuwa 2013, sa'an nan Washington a 2014 da 2015, inda ta aje wasa bayan shekara 13. Sau biyu, a 2009 da 2012, aka ba ta kyautar da a ke ba wadda ta fi ladabi da kyakkyawan hali a fili. Cikin waɗannan shekaru ne cutar mantuwa ta kama tsohuwar malamarta. An gane cutar a 2011, ta bar aiki a 2012, ta rasu a watan Yuni, 2016.

Makarantar magana

Ga wani abu da ya bambanta ta da sauran gwanaye. Tun tana wasa, in lokacin hutu ya zo, yawancin 'yan'uwanta sukan tafi Turai ko Asiya su yi wasa don ƙarin kuɗi. Ita kuwa sai ta kama aikin bayanin wasa a talabijin, a gidan ESPN. Ran 12 ga watan Janairu, 2007, ta yi sharhin wasan ƙwararrun maza na NBA a shirin da a ke kallo a ƙasa duka. Daga 2017 zuwa 2019 kuma ita ce mai sharhin wasannin ƙungiyar maza ta Washington Wizards.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hira ce kawai. Mai sharhi yana da 'yan daƙiƙoƙi tsakanin jifa da jifa, cikinsu zai gaya wa mutumin da ke zaune a gida dalilin da ya sa abu ya faru, da kalmomin da kowa zai gane. Gwani sau da yawa hannunsa ya san abin da bakinsa ba ya iya faɗi. In ka tambayi tsohon maƙeri yadda ya ke gane ƙarfe ya yi, sai ya ce maka, ai gani a ke yi. Aikin talabijin ya tilasta wa Kara ta mai da abin da jikinta ya sani ya zama magana, shekara da shekaru. Banda haka, aikin ya buɗe mata ƙofofin da ba a buɗe wa abokin hamayya, gama masu horo sukan bar mai sharhi ya zauna wurin horonsu, ya yi musu tambayoyi. Ta haka ta ga dabarun mutane da yawa, ba na gida ɗaya ba.

Koyon horo

A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Amurka ta fara ba ta horon matasa a wani irin wasa na mutum uku uku. Rabin fili a ke yinsa, da kwando guda, minti 10, ko kuwa wanda ya riga kai maki 21 ya ci. Wata doka tasa ita ce abin lura: in an fara wasa, ba a yarda mai horo ya ba da umurni daga gefe ba. Duk abin da za ta koya musu sai ta koya tun kafin a busa usur, sa'an nan ta koma cikin 'yan kallo ta zuba ido. Ba mu san wata jarrabawa da ta fi wannan auna malami ba, watau a ga abin da almajirai za su yi in ba ya kusa.

A 2019 ƙungiyar maza ta Boston Celtics, wadda ke cikin mafiya tarihi a NBA, ta ɗauke ta mataimakiyar shugaban horo, Brad Stevens. Ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan aiki a ƙungiyar. Shekara guda ta yi tana gyara wa ƙattin maza tsayuwa da jifa. Tana tare da su a garin Orlando, inda aka killace 'yan wasa sabo da annobar korona, kiran Duke ya same ta. Da za ta tafi, 'yan wasan Boston suka sa riguna masu sunan sabuwar ƙungiyarta, suka yi mata ban kwana.

To, ashe ba da hannu wofi ta zo ba. Ta yi almajiranci, ta yi aikin da hannunta, ta koyi faɗinsa, ta koyi horo a ƙarƙashin wani. Abin da ya rage shi ne ɗaukar kaya a kanta ita kaɗai.

Shekarar fari

Gidan da ta shiga ba ƙaramin gida ba ne. A zamanin Gail Goestenkors matan Duke sun kai cikin huɗun ƙarshe sau huɗu, tsakanin 1999 da 2006. Joanne McCallie ta gaje ta a 2007, ta yi shekara 13, ta yi murabus a farkon Yuli, 2020, bayan ƙungiyar ta ɗan ja baya. Mutanen da suka saba da nasara kuwa ba su da dogon haƙuri.

Sai ga shi shekarar fari ta zo da abin da ba wanda ya shirya masa. Annoba ta hana tafiye-tafiyen neman 'yan wasa, ta hana 'yan kallo shiga. Wasa huɗu kaɗai suka yi, suka ci uku, aka ka da su ɗaya. A tsakiyar Disamba aka sami mutum biyu cikin ayarinsu da cutar, aka dakatar da horo. Kafin watan ya ƙare 'yan wasan suka ce ba su ga lafiyarsu cikin ci gaba da wasa ba, makaranta kuwa ta yarda, aka rufe shekarar. Sabuwar shugaba, wadda ke ɗokin nuna abin da ta iya, sai ta zauna wata da watanni ba karawa. Da rani ya zo, a watan Yuli, 2021, ta tafi Tokyo da 'yan wasa huɗu na wasan uku uku, karo na farko da aka sa shi cikin Olamfik, suka komo da zinariya.

A wannan shekara ne kuma dokokin kwalejoji suka sake. Aka yarda ɗaliba ta bar makaranta ta koma wata ta shiga wasa nan da nan, ba sai ta zauna shekara guda ba kamar dā, aka kuma yarda ta sami kuɗi da sunanta wajen talla. Watau shugaba ba ta da tabbacin wadda ta rena bana za ta kasance tata baɗi. Kara ta ɗauko 'yan wasa da dama daga waɗansu makarantu, cikinsu har da Celeste Taylor daga Texas, da Elizabeth Balogun, haifaffiyar Legas, daga Louisville. Suka fara da kyau, har suka ka da Iowa, amma ƙarshen shekarar ya yi musu tsami. Suka ci 17, aka ka da su 13, ba a kira su gasar Maris ba.

Cikin ranin 2022 aka ɗauki hotonta tana yi wa 'yan wasanta gargaɗi, maganar ta bazu ƙasa duka, har malaman makarantu suka riƙa nuna wa ɗalibansu. Gundarin abin da ta ce shi ne, mutane sukan zauna suna jiran ranar da al'amura za su yi sauƙi, ranar kuwa ba ta zuwa. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya zama mai iya ɗaukar wuya fiye da dā. Wanda ya bi labarinta ya san ba daga littafi ta samo wannan ba.

Girbi

Ta gina ƙungiyarta bisa tsaron gida, watau hana abokin karawa sakewa. Dalilin wannan a fili ya ke: jifa yana da ranarsa, wata rana hannu ya yi daidai, wata rana ya ƙi, amma tsaro ƙoƙari ne da haɗin kai, ana iya kawo shi kullum. A shekarar wasa ta 2022 zuwa 2023 suka ci 26, aka ka da su 7, suka koma gasar Maris, amma Colorado ta fid da su a zagaye na biyu, a cikin gidansu. Bayan haka waɗansu manyan 'yan wasanta suka bar ta, Celeste Taylor, wadda aka zaɓa gwanar tsaro ta yankinsu, ta koma Jami'ar Ohio State. Sai ta sake gini da ƙananan yara. A watan Maris, 2024, rabo ya haɗa su da Ohio State ɗin nan a gidanta. Aka tsere musu da maki 16, suka biyo, suka wuce, suka ci 75 da 63, suka shiga cikin 16 na ƙarshe.

A watan Maris, 2025, suka ci kofin gasar yankinsu, ACC, wanda rabon Duke da shi tun 2013. A wasan ƙarshe ma sai da aka wuce su da maki 14 kafin su ka da Jami'ar NC State, 76 da 62. A gasar ƙasa suka kai cikin takwas na ƙarshe, inda Carolina ta Kudu, mai riƙe da kofi a lokacin, ta tsira da ƙyar, 54 da 50.

Akwai wata rana da mutanen Nijeriya za su tuna. Ran 7 ga watan Agusta, 2024, a Olamfik na birnin Paris, matan Nijeriya ƙarƙashin Rena Wakama suka kara da Amurka a zagayen takwas na ƙarshe, matsayin da ba wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa a Olamfik. Kara Lawson tana zaune a bencin Amurka, mataimakiyar shugabar horo, Elizabeth Balogun kuwa, wadda ta yi shekara biyu a hannunta, tana cikin fili da rigar Nijeriya. Amurka ta ci, 88 da 74. A watan Satumba, 2025, aka naɗa Kara shugabar horon matan Amurka gaba ɗaya, har zuwa Olamfik na Los Angeles a 2028.

Abin lura

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Gwaninta ba ta isa ta mai da mutum malami, da ta isa, da ko wane tsohon ɗan wasa ya zama mai horo. Abin da muka gani ga matar nan shi ne, ta ƙara abu uku bisa gwanintarta. Ta zauna ƙarƙashin wadda ta fi ta har ta ga yadda a ke riƙon mutane. Ta koyi fid da abin da ke cikin kanta da magana mai sauƙi. Ta kuma saba da horon da zai tsaya da ƙafarsa ko ba ta wurin. Duk da haka sai da ta yi shekara biyu ba abin nunawa, ta yi biyar kafin kofi ya shigo gida. Waɗanda suka ɗauke ta sun yi nasu rabin aikin, da suka bar ta ta kai lokacin. Wanda ya dasa dabino ba ya zuwa da kwando a damina ta farko.